Yadda ake daidaita kallon farko na ɗakin matuƙi idan ana amfani da na'urar bin motsin kai

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa ya haɗa manhajar opentrack, wadda ke bin motsin kai tana juya kallon da ke allo daidai da shi, da kyamarar kwamfuta da 'yan fitilu uku da ya maƙala a hedfon ɗinsa, yana tashi a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ta DCS World, wani lokaci kuma a Microsoft Flight Simulator, amma duk sanda ya danna maɓallin komawa tsakiya sai ya tarar fiye da rabin allonsa sama ce zalla, agogunan jirgi kuwa sun nutse can ƙasa, sai ya sunkuyar da kai kafin ya karanta gudu ko tsayi. Dabarar da ya samo ita ce ya ɗan ɗaga haɓa lokacin danna maɓallin, domin idan ya dawo da kansa daidai kallon ya sauko. Ya ce dabarar tana aiki, sai dai hoton ba ya tsayawa cik, kuma kullum sai ya sake lalube. Yana so ya san yadda zai karkatar da kallon ƙasa sau ɗaya ya huta.

Ɗan'uwa, gyaran da kake nema yana yiwuwa, kuma zan nuna maka inda ake yin sa, amma ina roƙonka ka fara barin dabarar ɗaga haɓa tun yau, domin ita ce take haifar maka da rawar hoton da kake kuka da ita. Abubuwa uku ne mabambanta ake kira tsakiya a wannan harka, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha daga cakuɗa su take fitowa. Akwai tsakiyar jikinka, wato yadda kanka yake zama idan ka jingina da kujera ka saki wuya kana kallon allo. Akwai sifilin na'ura, wato matsayin da opentrack ko TrackIR, wata na'urar bin motsin kai da ake saye, ta rubuta a matsayin mafari a daidai lokacin da ka danna maɓallin. Sannan akwai mazaunin ido na cikin jirgi, wato wurin da masu ƙera samfurin jirgin suka ajiye kyamarar manhaja da inda suka fuskantar da ita. Na farko da na biyu dole ne su zama abu ɗaya a kowane lokaci. Na ukun ne kaɗai ake taɓawa idan kallon bai yi wa mutum daɗi ba.

Ga abin da ke faruwa idan ka ɗaga haɓa kafin ka danna maɓallin. Na'urar bin motsin kai ba ta miƙa wa manhajar jirgi motsinka yadda yake, tana ninka shi ne, tunda ba zai yiwu ka waiwaya baya gaba ɗaya kana kuma kallon allon da ke gabanka ba. Shi ya sa akwai jadawalin ninki ga kowane irin motsi, inda juyawar kai ta digiri 30 za ta iya zama digiri 150 ko fiye a cikin jirgi. A kusa da sifili ana kwantar da layin jadawalin, ko a bar ɗan fili da na'ura ba ta kula da motsi a cikinsa sam, domin numfashi da 'yar girgizar wuya kada su riƙa kaɗa hoto. To idan ka ɗaga kai da digiri 5 ka ce nan ne sifili, da zarar ka koma zamanka na gaskiya na'ura za ta ɗauka ka sunkuya da digiri 5, kuma ka riga ka fita daga wancan fili mai natsuwa ka hau inda layin ya fara miƙewa. A nan kowace 'yar motsawa ninka ta ake yi sau uku ko huɗu. Filin natsuwar kuma yana can sama, inda ba ka zama sai in ka ɗaga haɓa da gangan. Ƙari a kan haka, wuyan mutum ba ma'auni ba ne: yau za ka ɗaga digiri 4, gobe 7, kuma bayan ninki bambancin ya zama digiri 10 ko fiye a cikin jirgi, wanda ya isa ya sa saukar da ka ƙware a kanta jiya ta zame maka baƙuwa yau.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, shi ne ka rarrabe tsakanin karkatar da kallo da matsar da ido. Mutumin da ke tsaye a bayan katanga, ko ya gyaɗa kai sama da ƙasa sau ɗari ba zai ga abin da ke gindin katangar ta waje ba, sai ya ɗaga dunduniya ko ya matso kusa ya leƙa. Haka abin yake a ɗakin matuƙi. Karkatar da kyamara yana canza ɓangaren da ya shigo cikin allonka ne kawai, amma abin da hancin jirgi ya tare yana nan a tare, kuma dangantakar leɓen dashbod da inda sama ta haɗu da ƙasa ba ta canzawa ko kaɗan. Matsar da ido sama ko ƙasa, gaba ko baya, shi ne ke canza abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana. Mutane da yawa da suke neman gyaran kusurwa, idan aka duba sai a ga tsayin idonsu ne ba daidai ba.

Masu ƙera jirage na gaske sun ɗauki wannan batu da nauyi ƙwarai. Kowane ɗakin matuƙi ana zana shi ne daga wani ɗigo guda a sarari inda ake so idon matuƙi ya kasance, kuma kujerar tana hawa da sauka da matsawa domin dogo da gajere su kai idonsu wannan ɗigo. A cikin Airbus A320 akwai 'yan ƙwallaye a jikin ginshiƙin tsakiya na gilashin gaba, ja ɗaya da farare, kuma matuƙi yana gyara kujerarsa har sai jan ya rufe farin da ke ɓangarensa, sannan ya san idonsa ya zauna inda ya kamata. Dalilin wannan tsanani lissafi ne mai sauƙi. A ce jirgi yana mita 30 daga ƙasa yana shirin sauka. Idan matuƙi yana iya ganin digiri 15 ƙasa da miƙaƙƙen layi ta saman hanci, ƙasar da ta ɓoye masa a gaba kusan mita 112 ce. Idan ya zauna ƙasa-ƙasa har abin da yake gani ya ragu zuwa digiri 10, abin da ya ɓoye ya kai kusan mita 170. A ranar hazo, wannan tazara ta kusan mita 60 tana iya zama jerin fitilun da zai gani ya ci gaba da sauka, ko ya rasa su ya fasa. Samfuran A320 masu kyau na manhajojin kwaikwayo sukan zo da waɗannan ƙwallaye, kuma wanda yake da su ba ya buƙatar wani ma'auni.

Yanzu ga yadda nake bi, kuma jerin yana da muhimmanci domin kowane mataki a kan wanda ya gabace shi yake zaune. Ka fara da kujerarka ta gaske da allonka. Ka zauna yadda za ka iya zama na awa biyu, bayanka a jingine, hannunka a kan sandar tuƙi, ka tabbata tsakiyar allo tana daidai da idonka ko ƙasa da shi kaɗan. Ka duba tagar opentrack ka ga ɗigo uku na fitilunka suna tsakiyar hoton kyamara, kuma ba ɗayansu da yake ɓacewa ko hawa kan ɗan'uwansa idan ka juya kai iyakar yadda ka saba. A wannan zama, idonka a tsakiyar allo, za ka danna maɓallin tsakiya, kuma daga yau haka za ka riƙa danna shi.

Daga nan sai ka dakatar da na'urar gaba ɗaya kafin ka taɓa komai a cikin jirgi. Idan tana aiki lokacin da kake gyara, ba za ka iya sanin wane ɓangare na abin da kake gani daga maɓallanka ya fito ba, wane kuma daga 'yar karkatar wuyanka, kuma kana iya adana kuskuren tare da gyaran. A DCS, ana matsar da ido ne ta hanyar riƙe RCtrl da RShift, wato Ctrl da Shift na hannun dama, tare da maɓallan lambobi na gefen dama: Num8 sama, Num2 ƙasa, Num4 hagu, Num6 dama, Num* gaba, Num/ baya. Waɗannan biyun na ƙarshe idan aka danna su su kaɗai zuƙowa da nesantawa suke yi, wato faɗin gani suke canzawa, kuma lambobin su kaɗai juya kai suke yi. Idan kallon ya yi maka, ka danna RAlt da Num0 domin ka adana, bayan ka tabbata ka kunna zaɓin da ke ba da izinin adana kallo a sashen Misc na saituna. Kowane jirgi da nasa, don haka gyaran da ka yi wa jirgin F/A-18C bai shafi jirgin A-10C ba.

Ma'aunin tsayin ido a jirgin yaƙi na zamani shi ne gilashin bayanai da ke gaban matuƙi, wanda ake kira HUD. Rubutun da ke jikinsa an tsara shi ne ya bayyana kamar yana can nesa, kuma ana ganinsa cikakke daga wani ɗan ƙaramin yanki ne kawai. Idan idonka ya yi ƙasa ko sama da yawa, za ka ga gefen rubutun ya yanke. Ka hau ka sauka a hankali har layin sama da na ƙasa su fito duka, sannan ka tsaya a tsakiyar iyakokin biyu domin ya zama kana da sarari idan jikinka ya ɗan zame. A jiragen yaƙin duniya na biyu madubin saitin bindiga ne ke yin wannan aiki: zoben saitin ya zauna a tsakiyar gilashinsa. A ƙaramin jirgi irin Cessna 172 kuwa, abin da ake so shi ne ka ga ɗan saman murfin inji ta kan dashbod, domin da shi ake auna hancin jirgi da layin sararin sama.

Abin da ka adana yana shiga wani fayil mai suna SnapViews.lua, a cikin Saved Games, ƙarƙashin foldar DCS, sannan Config, sannan View. Yana da kyau ka buɗe shi ko sau ɗaya da manhajar rubutu, bayan ka ajiye kwafi a gefe, domin ganin lambobin yana sa a fahimci abin da maɓallai suke yi a ɓoye. Ka nemo sunan jirginka, sannan ka gangara zuwa lamba 13 a jerin, wadda ita ce kallon farko. A can viewAngle shi ne faɗin gani, hAngle juyawa hagu ko dama, vAngle ɗagawa ko sunkuyawa, inda lamba mai alamar ragi take nufin ƙasa. Sauran ukun na matsar da ido ne kuma da mita ake auna su: x_trans gaba da baya, y_trans sama da ƙasa, z_trans gefe. Tunda mita ce, ƙarin 0.03 a y_trans santimita 3 ke nan, kuma za ka yi mamakin yadda wannan ɗan ƙari yake buɗe gaban jirgi.

Kafin ka karkatar da komai, ka duba faɗin ganinka, domin ina kyautata zaton a nan rabin matsalarka take. Allon zamani mai faɗi 16 da tsayi 9 yana da rowa a tsaye. Idan faɗin gani na kwance digiri 60 ne, na tsaye kusan digiri 36 ne kacal, wato 18 sama da tsakiya, 18 ƙasa. Dashbod kuwa a jirage da dama yana farawa ne wajen digiri 15 ƙasa da miƙaƙƙen layi, saboda haka leɓensa kawai za ka gani, agogunan duk suna wajen allo. Idan ka faɗaɗa zuwa digiri 80, na tsaye ya zama kusan 50, kuma jerin agogunan sama ya shigo ba tare da ka karkatar da komai ba. Farashin da ake biya shi ne komai yana ƙanƙancewa. Allo mai inci 27 faɗinsa kusan santimita 60 ne, kuma daga nisan santimita 70 digiri 46 kawai yake cikawa a idonka na gaske, don haka duk abin da ya wuce wannan matse duniya ake yi a cusa ta cikin taga. Ni dai tsakanin 70 da 80 nake zama a allo ɗaya, in ɗora zuƙowa a kan wani maɓalli na sandar tuƙi domin lokacin da nake neman jirgi a nesa ko karanta ƙaramin rubutu.

Idan tsayin ido ya daidaita, faɗin gani ya daidaita, kuma har yanzu sama ta yi maka yawa, to a nan ne karkatarwa take da hurumi. Hanya ta farko ita ce ta cikin jirgin, wato ka sunkuyar da kallo da Num2 kafin ka adana, ko ka rage vAngle da hannunka, sannan ka kunna na'ura ka danna tsakiya ka tabbata karkatar ta zauna. Hanya ta biyu, wadda ta dace da kai tunda opentrack kake amfani da ita, tana cikin Options a shafin Output, inda akwai wurin da aka rubuta Custom center pose. Lambar da ka sa a akwatin Pitch, wato na ɗagawa da sunkuyawa, ana ƙara ta ne a kan abin da ake aika wa manhajar jirgi bayan an gama ninki, saboda haka sifilinka yana nan a zamanka na gaskiya, filin natsuwa yana nan inda kake, kallon ne kawai ya sauko. Wannan shi ne ainihin abin da kake ƙoƙarin samu da ɗaga haɓa, amma da lamba tabbatacciya da ba ta canzawa daga yau zuwa gobe. Ka gwada 5, idan kallon sama ya tafi maimakon ƙasa ka juya alamar. Ka tuna cewa wannan gyara duk jiragen da ka tashi da wannan tsari zai shafa, don haka ka adana tsari daban ga DCS, daban ga Microsoft Flight Simulator.

Shawarata ita ce kada karkatar ta wuce digiri 5 zuwa 10. Idan ta yi yawa, HUD yana komawa can saman allo, kuma a jirgin yaƙi sama da kai ne ake yawan neman abokin gaba lokacin juyi, sai ya zama kana ɗaga wuya fiye da da. Akwai kuma illar da ba a lura da ita da wuri. Wanda ya saba auna matsayin hancin jirgi da tsakiyar allo, idan kallo ya karkata sai ya ji kamar jirgi yana nutsewa, ya riƙa jan sanda ba dalili. Ni kaina na taɓa shafe makonni ina sauka da ƙarfi a ƙaramin jirgi a filin Malam Aminu Kano na cikin manhaja, ina zargin hannuna, ashe kallon da na karkatar da yawa ne ya sa nake ɗaga hanci tun titin yana nesa da tayoyi. Abin da ya warware mini shi ne na rage karkatar, na kuma koma auna hanci da tazarar da ke tsakanin leɓen dashbod da layin sararin sama, wadda karkatar kallo ba ta taɓa ta.

Sauran aikin na jadawalin ninki ne, kuma a nan ne wuyanka zai samu sauƙi na gaskiya. Ba dole ba ne ɗagawa da sunkuyawa su zama da ninki iri ɗaya, kuma opentrack tana ba da damar raba su ta zaɓin Asymmetric mapping. Ka sa sunkuyawa ta fara amsawa da wuri, ta yadda digiri 8 zuwa 10 na gaske za su kai ka ƙasan dashbod, domin sunkuyawa mai zurfi tana sa fitilun su kusanci juna a idon kyamara har bin ya rikice. Ka kuma rage ƙarfin motsin sama da ƙasa na jiki, ka ba shi fili mai ɗan faɗi a kusa da sifili, saboda bayan rabin awa kowa yana zamewa a kujera da santimita biyu ko uku, kuma idan an ninka wannan sai ka tsinci idonka a ƙarƙashin HUD ba ka san lokacin da ka sauka ba. Idan hakan ta faru, ka gyara zamanka tukuna kafin ka kai hannu ga maɓallin tsakiya.

A Microsoft Flight Simulator na 2020 ƙa'idar ɗaya ce. A sashen Camera na saituna akwai ma'aunan da ake ja na tsayin ido da matsayinsa da zuƙowa waɗanda suke shafar kallon ɗakin matuƙi gaba ɗaya, kuma idan ka tsara kallon da kake so a wani jirgi, Ctrl da Alt da lamba suna adana shi, Alt da lambar kuma suna dawo da shi. A manhajar X-Plane, Ctrl da lambar gefen dama ne ke adanawa, lambar ita kaɗai ta dawo da kallon. A jerin manhajojin IL-2 Sturmovik: Great Battles ana matsar da kai da Insert, Delete, Home, End, Page Up da Page Down, a adana da F10, kowane jirgi da nasa. Masu TrackIR kuma su lura cewa maɓallanta na asali, F12 na tsakiya, F9 na dakatarwa da F7 na rage kaifin motsi, duk suna da nasu aikin a DCS, inda suke kai mutum kallon abubuwan da ke waje, don haka ya fi kyau a mayar da su kan sandar tuƙi ko wasu maɓallan da ba kowa a kansu.

Idan ka yi duk wannan kuma tsakiyar tana ci gaba da yawo, ka dubi hasken ɗakinka. Kyamarar da ke bin fitilun infrared, wato masu hasken da ido ba ya gani, tana ganin hasken rana a matsayin babban ɗigo, kuma taga a bayanka da hantsi, ko ƙyallin rana a gilashin tabarau ko fuskar agogon bango, ya isa ya sa ta ɗauki wani abu a matsayin ɗaya daga cikin fitilunka na ɗan lokaci, kallo ya yi tsalle ya dawo a karkace. Ka sauke labule, ka rage buɗewar kyamara har hoton ya yi baƙi ƙirin ba abin da ya rage sai ɗigo uku, sannan ka gyara iyakar haske a saitunan PointTracker, wato sashen opentrack da ke bin fitilun. Bayan haka ka ajiye jirgi a farkon titin tashi, ka danna tsakiya, ka ɗauki hoton allo, ka tashi ka zagaya ka sauka sau uku, ka dawo wuri ɗaya ka jingina ka kwatanta abin da kake gani da hoton ba tare da ka sake danna maɓallin ba. Idan leɓen dashbod yana kan layin da yake a hoton, ka kwafi fayil ɗin SnapViews.lua da tsarinka na opentrack ka ajiye su a wata folda daban.